Hadda ko duba kundi? Muhawarar da ta tashi a kan $D011

Ɗan'auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni, amma don Allah kada a yi mini dariya. Wata uku ke nan ina koyon asembili, wato yaren shiri mai magana da na'ura kai tsaye, na 6510, ƙwaƙwalwar tsohuwar kwamfutar nan Commodore 64 (C64), ta manhajar VICE mai kwaikwayonta, tunda ban taɓa ganin na'urar ido da ido ba. Duk layi biyar da zan rubuta sai na koma kundi na duba adireshin rajista, wato gurbin da ake rubuta lamba ko a karanta don sarrafa hoto, sauti da sauransu. Jiya na kalli wani Bature a bidiyo yana zuba kod, $D011, $D016, $D018, kamar mai jero sunayen 'ya'yansa, ko sau ɗaya bai duba komai ba. Sai gwiwata ta yi sanyi. Shin dole sai na haddace su kafin a ce na iya?

Ta biyu kuma, ina da wani ɗan shiri da ke canza launi a tsakiyar allo. Yawanci yana aiki, amma jefi-jefi sai na'urar ta sandare. Ban taɓa komai ba, kod ɗin nan dai shi ne.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam ɗana. Ka haddace. Ba na ɓoye maka.

A 1985 na fara taɓa wannan na'ura, ina karatu a Ingila. Littafi ɗaya ne a ɗakinmu, jagoran masu shiri da kamfanin Commodore ya buga, mu huɗu muke karɓa-karɓa da shi har bangonsa ya fita. Ranar da ba naka ba ne, abin da ke kanka shi ne jarinka. Yau shekara nawa, amma ka tashe ni tsakar dare ka ce launin gefen allo, zan ce maka 53280. Bayan rubutu 53281. Ƙarfin sauti 54296. A tayar da na'ura daga farko, SYS 64738. Kuma duka rajistocin nawa ne? VIC-II mai kula da hoto 47, SID mai sauti 29, CIA masu kula da madannai da agogo guda biyu 16 kowanne. Ɗari da takwas ke nan. Yaron da ke riƙe da lambar wayar abokansa da sunayen 'yan ƙwallon ƙungiya goma zai ce 108 sun fi ƙarfinsa? Mu an koya mana ilimi a ƙirji yake, ba a takarda ba.

Maman Khalil: Baba, Allah ya ƙara girma, amma zan ɗan ja da maganarka. Malaman da suka ce ilimi a ƙirji yake su ne kuma suka ce a ɗaure ilimi da rubutu.

Ni aikina kullum da ƙananan aisi ne na zamani, wato 'yan ƙwayoyin lantarkin nan masu ƙafafu. Kundin STM32F103 kaɗai ya haura shafi 1000. Wa zai haddace wannan? Kuma ko na iya, ba zan yarda da kaina ba. Abin da muke yi shi ne a sa wa kowace rajista suna a wani fayil, a kira ta da sunan. Masu Game Boy ma haka suke yi, suna da fayil mai suna hardware.inc, su rubuta rLCDC maimakon $FF40. Ɗan'auta, ka zauna rana ɗaya ka rubuta irin wannan fayil, ka duba shi da kundi sau biyu, shi ke nan ka huta. Idan ka yi kuskure a suna, asembila, manhajar da ke mayar da kod ɗinka yaren na'ura, zai kama ka nan take. Idan ka yi kuskure a lamba, shiru zai yi ya bar ka da dare uku na rashin barci.

Gwani6502: Hajiya, ki bar mana STM ɗinki a ofis, nan zancen tsoffin ƙarafa ake yi 😂

Maman Khalil: Gwani, tsohon ƙarfe ba ya cin dare ne?

Gwani6502: Yana ci. Amma ga inda sunayenki ba za su cece ki ba. Ki buɗe mai sa ido na VICE, mai nuna abin da ke cikin memori, ki warware kod ɗin wani wasa na 1986. Ba suna ko ɗaya a ciki, lambobi ne tsirara. Wanda ya haddace, yana ganin STA $D015 ya san ana kunna sifirait, wato ƙananan hotuna masu motsi, yana ganin STA $D418 ana maimaita shi cikin sauri ya san murya ake fitarwa. Wanda bai haddace ba, kowane layi sai ya tsaya. Kamar mai karanta jarida yana haɗa baƙi da wasali ne, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Rubuta naka daban, karanta na wani daban, kuma rabin abin da na iya a kod ɗin mutane na tsince shi.

Maman Khalil: Wannan na yarda da shi. Amma ka faɗa mini gaskiya, zama ka yi ka haddace $D015 kamar mai shirin jarrabawa?

Gwani6502: A'a. Yawan gani ne.

Maman Khalil: To ai shi ke nan. Ba hadda ka yi ba, sabo ka yi.

Mai Gyara Maraɗi: Salamu alaikum jama'a. Ni ba mai shiri ba ne sosai, gyaran rediyo da talabijin ne sana'ata, ina leƙo ku ne don sha'awa. Amma maganar Hajiya ta tuna mini launukan jikin rezisto. Maigidana bai taɓa zaunar da ni ya ce baƙi sifili, ruwan ƙasa ɗaya, ja biyu ba. Takarda ce manne a bango. Shekara ɗaya ina ɗaga kai, wata rana na lura na daina ɗagawa. Sai dai har gobe idan aisi mai ƙafa da yawa ya zo, ko na san shi, sai na duba wace ƙafa ce ta wuta. Sau ɗaya na yarda da kaina, na ƙona kayan mutane, na biya daga aljihuna.

Baba Injiniya: Duk na ji ku. Amma ku 'yan yanzu kun ɗauka intanet ba ta yankewa, wuta ba ta ɗaukewa. Bari in nuna muku amfanin abin. Ɗana, ga yadda ake kafa katsewar layi, wato VIC ya tsayar da na'ura ya kira aikinka idan zanen allo ya kai layin da ka zaɓa. Daga ka nake rubuta wannan, a waya, ina zaune a ƙofar gida:

SEI
LDA #$7F
STA $DC0D
LDA $DC0D
LDA #$01
STA $D019
LDA #$1B
STA $D011
LDA #100
STA $D012

sannan ka sa adireshin aikinka a $0314 da $0315, ka yi CLI. A cikin aikin kuma kada ka manta ka amsa wa VIC a $D01A, in ba haka ba zai yi ta kiranka ba tsayawa. Kwatanta da naka.

Ɗan Zango Kumasi: Tsoho ya yi magana 👏

Maman Khalil: Baba, ka yafe mini, wallahi ba don in kunyata ka ba ne. Ka juya su. $D01A ita ce ta kunnawa, $D019 ita ce ta amsawa. Yadda ka rubuta, katsewar ba za ta taɓa zuwa ba, kuma ga shi ka riga ka kashe ta CIA. Na'urar za ta yi tsit.

Gwani6502: Innalillahi 😂😂 Baba, a ƙofar gida aka kama ka.

Sarkin Zaure: Gwani, a kula da harshe. Baba sa'an mahaifinka ne.

Gwani6502: Tuba nake, ranka ya daɗe.

Baba Injiniya: Ku bar shi ya yi dariyarsa, ya samu. Na shiga ɗaki na duba. 'Yata, gaskiyarki. Sha tara da sha A, maƙwabtan juna ne, shekara da shekaru suna yi mini haka. A da ina kama su saboda ina rubuta su kullum. Yanzu an kwana biyu ba tilawa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san haddar da ba a bita, wuraren da suka yi kama da juna ne suke fara zamewa.

Amma ban janye ba fa. Layi goma na rubuto, ɗaya ya karkace.

Maman Khalil: Ɗayan ne ya kashe na'urar, Baba 🙈

Ɗan Zango Kumasi: Ni ina ganin duk kuna faɗa a kan abin da ba shi ne wahalar ba. Bari in kawo misali daga inda na fi sani. Ni NES, na'urar wasa ta Nintendo, nake yi wa shiri, saboda ita na taso da ita, ba ta asali ba, irin kwafin nan masu kaset rawaya da ake haɗawa da talabijin. Aisin hotonta rajista takwas kacal gare shi, $2000 zuwa $2007. Takwas! Ɗan'auta zai haddace su kafin shayinsa ya huce. To shi ke nan ya iya NES?

Ga abin da ke ciki. Karanta $2002 ba kallo ba ne kawai, taɓawa ce: da ka karanta, tutar da ke nuna an gama zana allo ta goge. $2006 kuma sau biyu ake rubuta mata, babban rabin adireshi sannan ƙarami, kuma ita da $2005 abu ɗaya ke ƙirga musu wane rubutu ne na farko wane ne na biyu. Idan ƙirgar ta rikice, karanta $2002 ne ke mayar da ita daidai. Ita kuwa $2007, in ka karanta, abin da ka nema a karon baya take ba ka, ba na yanzu ba, sai dai a wurin launuka. Na yi sati biyu ina neman dalilin da bangon wasana ke tsalle, ashe rubutun da nake yi wa $2006 ne ke ture lissafin gungurawa. Adireshin na san shi tun ranar farko. Halinta ne ban sani ba.

Sanin gidan mutum daban, sanin halinsa daban. Kana iya sanin ƙofar gidan Alhaji sarai, ba ka san ba a yi masa sallama bayan la'asar ba.

Gwani6502: Wannan magana ta zauna. C64 ma cike take da masu irin wannan hali. $DC0D da Baba ya karanta a sama ba don yana son abin da ke ciki ba ne, karantawar ce ke share ta. $D01E mai gaya maka sifirait biyu sun yi karo, da ka karanta ta goge, sai ka adana abin da ka samu in kana son sake dubawa. Rajistocin SID guda 25 na farko rubutu kawai ake yi musu, in ka karanta shirme za ka samu, dole ka riƙe kwafi a memori.

Ga kacici-kacici ma. Kunna C64, launin gefe 14 ne, shuɗi mai haske. Rubuta PRINT PEEK(53280). Me zai fito? Ban da Baba.

Ɗan'auta: 14 mana.

Ɗan'auta: Kai! Na gwada, 254 ya ba ni.

Gwani6502: Launi 16 ne kawai, bit huɗu sun ishe su. Huɗun sama ba a haɗa su da komai ba, kullum 1 suke nunawa. 240 da 14.

Maman Khalil: To ai duk wannan hujjata kuke ƙarfafawa. Waɗannan halaye a ina aka rubuta su? A kundi. Mai dogaro da hadda lamba yake riƙewa, ya bar sakin layin da ke ƙarƙashinta, alhali nan maganin yake.

Baba Injiniya: A nan kuma, 'yata, ni zan kama ki. Wane kundin?

Littafin da muka yi karɓa-karɓa da shi bai ce ana iya cire gefen allo na sama da na ƙasa ba. A wurinsa gefe gefe ne, ba a zane a kansa. Yaran Turai masu yin demo, wato shirin nuna gwaninta, su ne suka gano cewa bit na 3 a $D011, mai zaɓar layin rubutu 25 ko 24, in ka juya shi daidai lokacin da zanen ya kusa ƙasan allo, VIC zai wuce wurin da ya kamata ya rufe gefe bai rufe ba. Sai ga sifirait a inda kamfani ya ce ba ya zuwa. Ba a littafi suka gani ba. Sun zauna da rajistocin nan ne a kansu dare da rana, har suka fara tambayar "in na yi kaza a daidai kaza fa?" Wanda sai ya buɗa shafi kafin ya tuna me bit na 3 ke yi, irin wannan tambayar ba za ta zo masa yana wanka ba.

Bayanin VIC-II da kowa ke dogaro da shi yau, wanda Christian Bauer ya rubuta, a 1996 ya fito. Na'urar ta fito 1982, kamfanin ma ya rushe a 1994. Wato kundin ƙwarai bayan 'yan hadda ya biyo, abin da suka gano ya tattara.

Ɗan Zango Kumasi: NES ma haka. Nintendo kamfanonin da ta ba lasisi kaɗai take ba takardu. Abin da muke karantawa yau masu sha'awa ne suka tono shi da gwaji.

Maman Khalil: Na karɓa, Baba, ɗaya da ɗaya ke nan. Sai dai ka lura, da suka gano ba su bar shi a ƙirji ba, sun rubuta. Da ba su rubuta ba, da Ɗan'auta ba shi da VICE ma, don da irin wannan bayanin ake gina ta.

Kuma akwai haddar da nake jin tsoro fiye da mantuwa, wato wadda aka ɗauko ba a san dalilinta ba. Misali ASL $D019 da kowa ke kwafa don amsa katsewa. Yana aiki ne saboda 6510, a irin wannan umarni, yakan fara mayar da abin da ya karanto kafin ya rubuta sabon, to wancan rubutun na farko ne ke share tutar. Ƙanensa 65C02 ba ya yin haka, karatu biyu yake yi, rubutu ɗaya. Wanda ya haddace dabarar bai san tushenta ba, ranar da ya koma wata na'ura mai 65C02 ya nemi yin irinta, zai rantse na'urar ce ta lalace.

Mai Gyara Maraɗi: Jama'a, kun bar yaron nan da na'urarsa a sandare kuna ta fafatawa.

Sarkin Zaure: Gaskiyar Malam. Ɗan'auta, turo kod ɗin.

Ɗan'auta: Na gode Kawu. Nawa kusan irin na Baba ne, da $D01A a daidai wurinta (yi haƙuri Baba). Bambancin kawai, ni ina son yanayin zane, sai na kunna bit na 5 haka don kada in taɓa sauran:

LDA $D011
ORA #$20
STA $D011
LDA #100
STA $D012

A wani darasi na ga an ce haka ake yi, a karanta, a gyara bit ɗaya, a mayar.

Gwani6502: Tsaya. Kamar sau nawa yake sandarewa?

Ɗan'auta: Ban ƙirga ba sosai. In na tayar sau goma, wataƙila biyu.

Gwani6502: Hajiya, kin gani ko in faɗa?

Maman Khalil: Na gani. Ƙanena, tsarin talabijin na PAL ka sa VICE ɗinka ko?

Ɗan'auta: E, Anti.

Maman Khalil: To saurara. Allon PAL layi 312 ne, daga 0 zuwa 311. Bayit ɗaya kuwa a 255 yake tsayawa, don haka $D012 ba ta isa ta riƙe lambar layi ita kaɗai ba. Bit na tara da ya rage sai aka ajiye shi a saman $D011, wato bit na 7. Ga inda tarkon yake: in ka KARANTA wannan bit, yana gaya maka inda zanen yake a wannan lokacin. In ka RUBUTA shi, kana faɗa wa VIC layin da kake son a katse ka. Gida ɗaya, mutum biyu.

Idan LDA ɗinka ya faɗo lokacin da zanen ke tsakanin layi 0 da 255, ka karanto 0, ka mayar da 0, komai lafiya, layi 100. Idan ya faɗo tsakanin 256 da 311, ka karanto 1, ka mayar da 1, ka nemi layi 256 da 100, wato 356. Babu wannan layin a duniya. VIC yana jiran abin da ba zai zo ba, kai kuma ka kashe katsewar CIA, ba mai tayar da kowa. Layi 56 cikin 312, kusan sau ɗaya ke nan cikin biyar ko shida. Biyu cikin goman da ka ce ba ta yi nisa ba.

Ko dai ka sa AND #$7F bayan ORA, ko ka rubuta #$3B kai tsaye.

Ɗan'auta: Allahu akbar. Na sa AND ɗin, na tayar sau talatin a jere, ko ɗaya bai tsaya ba. Anti, Allah ya raya Khalil. Abin haushin ma, yanzu na koma kundin, wallahi maganar tana nan, layi ɗaya ce. Na wuce ta ya fi sau ashirin, don ni adireshi nake zuwa nema in fita.

Baba Injiniya: A koma sama a duba abin da tsoho ya rubuta a ƙofar gida. LDA #$1B, STA $D011. Ban karanta ba, rubutawa na yi. Da yaron nan ya bi hannuna a wannan wurin da bai kwana uku ba.

Maman Khalil: Haka ne Baba. Amma tsakaninka da Allah, da ka rubuta #$1B ɗin, ka tuna dalilin?

Baba Injiniya: Tsakanina da Allah, hannu ne ya rubuta. Dalilin sai da kika faɗa ya dawo mini. Na san an taɓa cizona a wurin, shekarar da abin da ya cije ni ne suka tafi.

Gwani6502: Wato a kod ɗaya hadda ta kashe na'ura a layi na shida, ta cece ta a na takwas.

Ɗan Zango Kumasi: In kun ga Amiga, wata kwamfutar Commodore, ma sai ku yi shiru. Can raba su aka yi gida biyu, DMACON a $DFF096 don rubutu, DMACONR a $DFF002 don karatu, kuma bit na 15 ke faɗin kunnawa kake ko kashewa. Kamar sun ji kukan mutane irin su Ɗan'auta.

Ɗan'auta: To yanzu ni me zan yi? Baba ya ce hadda, Anti ta ce fayil.

Mai Gyara Maraɗi: Manna takarda a bango, ɗana. Amma kai ka rubuta ta da hannunka, kada ka buga ta wani.

Maman Khalil: Kuma gefen kowace rajista ka bar fili. Duk ranar da ta cije ka, ka rubuta yadda ta yi. $D011 ta samu nata yau.

Baba Injiniya: Ka rubuta $D019 da jan biro, $D01A da baƙi. In ka gama ka ɗauki hotonta ka turo mini, zan manna a nawa bangon.

Ɗan'auta: Insha Allah Baba. Amma wata sabuwa ta taso. Yanzu ba ya sandarewa, sai dai wurin da launin ke canzawa yana rawa, kamar ɗan guntun layi yana kai da komo a gefen hagu.

Gwani6502: 😂 Barka da zuwa. Layin PAL bugun agogon na'ura 63 ne kacal, kuma katsewa ba ta shiga sai umarnin da ake ciki ya ƙare, wani bugu 2 yake ci, wani har 7. Wannan sai an buɗe masa zare nasa. Ka sa INC $D020 (ta launin gefe) a farkon aikinka da DEC $D020 a ƙarshe, ka turo hoton allon, gobe bayan azahar zan duba.

Sarkin Zaure: A buɗe sabon zare. Wannan ya yi tsawo, masu ƙaramin data sun fara yi mini ƙorafi ta bayan fage.